Shekarun da Baba ya hana Kirsimeti a gidanmu

Shekarun baya, tun ina gida ban yi aure ba, mahaifina ya soke Kirsimeti a gidanmu. Duk wanda na ba wannan labari sai ya fara da dariya, ya ce shi gwamna ne da zai soke Kirsimeti? To, a cikin gidanmu ya fi gwamna, don shi gwamna ana iya yi masa zanga-zanga.

Asalinmu Filato ne, amma dukanmu a Kaduna aka haife mu. Mahaifina ya yi aiki a masaƙa har ya zama shugaban wani sashe, muna zaune a Makera. Bayan rikicin da ya sa kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa, muka dawo Unguwar Boro inda ya gina ɗan gida. Dattijo ne a majami'armu, mutum mai karatu, irin wanda idan fasto ya yi tuntuɓe a aya za ka ji ya yi gyaran murya daga bencin gaba. Ba mugu ba ne, ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. Sai dai idan ya yarda abu gaskiya ne, ko giwa ka ɗaura masa ba za ta ja shi ba.

Mahaifiyata kuwa ba mai yawan magana ba ce. A zumuntar mata ta majami'a ita ke buga tulu, a nan ne kawai za ka ji ƙararta. Amma Kirsimeti nata ne. Tun da sauran kwanaki za ta fara suyar cincin har zannuwanta su ɗauki ƙanshin mai. Yayana zai taho daga Legas da iyalinsa, yayata ta taho daga Jos da nata, gida ya cika har wasu su kwana a falo. Ni ce auta, ni ake aika da kwanuka gida gida. A shekara gaba ɗaya, wannan ne kawai lokacin da muke haɗuwa mu duka.

Akwai kuma abokin mahaifina, wani Alhaji da suka yi aiki tare a masaƙa. Da muka bar Makera shi yana can, amma bai yarda zumuncin ya yanke ba. Kowace Kirsimeti da sassafe zai hau bas zuwa unguwar Television, ya sake wata zuwa unguwarmu, don shi ke yanka mana akuya. Haka suka tsara tun da daɗewa, domin shi da iyalinsa su ci naman hankali kwance. Da can da wuƙarsa yake zuwa, daga baya ya daina, ya ce wa zai ratsa gari da wuƙa a aljihu a wannan zamani, a ba shi ta gida ko da ba ta da kaifi. Idan Babbar Sallah ta zo, mu ma mu kwasa mu tafi Makera. Shi ke kiran mahaifina Dattijo, ya kira mahaifiyata Madam.

Abin ya fara ne daga wata Kirsimeti da wani saurayi ɗan maƙwabtanmu, mawaƙi a majami'armu, ya sha ya bugu da rana tsaka, ya hau babur ya shiga ƙarƙashin wata babbar mota. Mahaifina yana cikin dattawan da suka je asibiti ɗauko gawar. Ya dawo bai taɓa abinci ba. Ya zauna a baranda yana kallon samarin unguwa suna wucewa da kwalabe, ana ta kiɗa kamar ba abin da ya faru. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Wai wannan duk domin Yesu ne."

Shekarar da ta biyo baya ya ƙare ta cikin karatu. Ba mu san abin da yake nema ba sai da Disamba ta matso. Wata rana bayan addu'ar safe, maimakon ya tashi, sai ya ce mu zauna.

Ya ce, "Na bincika Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Ba inda aka faɗi ranar da aka haifi Ubangiji. Ba inda aka ce a yi bikinta. Manzanni ba su yi ba. Abin da ya ce mu riƙa tunawa da shi mutuwarsa ce. Bikin ranar haihuwa da na gani a ciki na sarakuna biyu ne marasa tsoron Allah, kuma kowanne da ran mutum ya ƙare. Saboda haka daga bana ba yanka a gidan nan, ba sabon ɗinki, ba rabon abinci. Mai son zuwa sujada ranar ya je, ban hana ba. Amma idan kun dawo, rana ce kamar kowace."

Na dubi mahaifiyata. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Can ta ce, "Yaran fa, Baban yara? Sun riga sun sa rana."

Ya ce, "Su zo mana. Gidansu ne."

Ta ce to. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ni ce na ɗauki faɗan. A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi, saboda haka ina ganin kaina wata babbar lauya ce ta sama. Na ce, "Baba, to mala'ikun da suka cika sararin sama suna yabo a daren haihuwar fa? Su ma kuskure suka yi?"

Ya ce, "Sau nawa suka yi, Auta? Kin ga inda suka dawo shekara ta zagayo?"

Wannan ne zagaye na farko, kuma a ƙasa na ƙare shi. Fastonmu ma ya zo ya gwada, ya shafe yini guda, ya fita yana murza goshi.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne Alhaji. Ni na ɗauka mahaifina ya gaya masa, mahaifiyata ma haka ta ɗauka. Shi kuwa mahaifina yana ta ɗagawa, yau gobe, don bai san ta inda zai fara ba. Safiyar Kirsimeti muna shirin sujada sai muka ji sallama a ƙofa. Ga Alhaji da farar riga, ya naɗe hannun rigar tun daga waje, yana riƙe da ledar lemo da ayaba.

Ya ce, "Barka da Kirsimeti, Dattijo! Ina mai laifin? Ban ji kukanta ba."

Mahaifina ya fito ya karɓe shi, suka gaisa, ya ce, "Alhaji, bana ba yanka."

"Ah, akuya ta yi tsada ko? Ai da ka yi magana."

"Ba tsada ba ce. Mun daina ne."

"Kun daina me?"

"Kirsimetin."

Alhaji ya juya ya dubi layinmu. Hayaƙi na tashi daga kowane gida, ana babbaka, yara sun fito da sababbin kaya. Ya ce, "Amma ga maƙwabtanku suna yi."

Mahaifina ya ce, "Suna yi."

Daga nan bai ƙara ba. Daga baya na gane nauyi ya ji, yana ganin bai dace ya baje gardamar cikin majami'a a gaban wanda ba Kirista ba. Amma a tsaye a wurin, abin da kowa zai gani shi ne mutum ya taso tun daga Makera an tare shi da gajeriyar magana. Mahaifiyata ta kawo masa shayi da burodi. Ya sha rabi, ya warware hannun rigarsa, ya ce yana da wani uzuri a kasuwa. Ya ce, "Madam, na gode. Allah ya maimaita." Sai kuma kamar ya lura addu'ar ba ta dace da gidan ba, ya sa takalmi ya tafi.

Da Sallah ta zo mahaifina ya ce ba za mu je ba. Wai da wane ido zai je ya ci naman mutum alhali shi ba abin da zai rama da shi. Alhaji bai aiko ba, mu ma ba mu aika ba. Ba faɗa, ba baƙar magana, zumuncin shekara da shekaru ya tsaya cak kamar agogon da aka manta ba a sa wa batir ba.

'Yan'uwana sun zo a wannan shekarar ta farko. Jikoki suka leƙa waje suka ga sa'o'insu da sababbin kaya da balan-balan, suka dawo suka ga tuwo da miyar kuka, aka yi ta kuka har yamma. Shekara ta biyu yayana ya ce ba a ba shi hutu ba. Yayata ta ce surukanta sun riƙe ta. Daga baya ma suka daina neman dalili. Suna zuwa dai, wannan da Ista, wancan idan aiki ya kawo shi Kaduna, amma ba a ƙara haɗuwa gaba ɗaya ba.

Ni kuwa ban haƙura ba. Kowace shekara idan Nuwamba ta kama sai in koma karatu, in yi ta haɗa hujjoji kamar mai shirin jarrabawa. Akwai wata rana da nake ganin na kusa. Yana zaune a baranda da yamma, mahaifiyata tana gefe tana tsince wake, na jawo kujera.

Na ce, "Baba, ka ce duk bikin da Allah bai umarta da bakinsa ba kada a yi. To bikin da mutanen Allah suka kafa wa kansu bayan an cece su daga hallaka a ƙasar bauta fa? Su suka ce kowace shekara a yi murna, a aika wa juna abinci, a ba matalauta. Ba a cikin Dokar Musa yake ba, kuma ba inda Allah ya tsawata musu."

Ya ce, "Wannan na Yahudawa ne."

"To shi Ubangiji fa? An rubuta yana cikin Haikali lokacin idin keɓewa. Shi ma wannan idin mutane ne suka kafa shi don tunawa da alherin Allah. Da laifi ne da bai taka wurin ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce zai duba. Washegari da safe ya same ni ina shara, ya ce, "Na gani. Ya je. Amma ba a ce ya ci shinkafa ba."

Dariya ta kusa ƙwace mini, amma na daure, don lauya ba ya dariya a kotu. Na ce, "Baba, ba shinkafa nake karewa ba. Makiyaya sun bar garkensu sun je sun gani, suka koma suna yabon Allah. Masana daga gabas sun yi doguwar tafiya da kyautai. Duk wanda labarin haihuwar nan ya iske, murna ya yi. Mutum ɗaya ne kawai ya ji ya ɓata rai, shi ne sarkin da ya sa aka kashe jarirai. Rashin sanin ainihin ranar kuma ba ya hana godiya. Kai kanka ba ka san ranar da aka haife ka ba, amma an haife ka."

Ya ce, "Yaron da na ɗauko gawarsa fa? Shi ma godiya yake yi?"

"Ba Kirsimeti ta kashe shi ba, Baba, giya ce. Ana buguwa a bikin aure ma, ba ka hana aure ba."

Sai na jefa babbar hujjata, wadda na ɓoye don ƙarshe. Na ce ɗaya daga cikin manzanni ya rubuta cewa wani yana ɗaukaka wata rana fiye da sauran, wani kuma duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa, mai kiyaye rana domin Ubangiji yake kiyayewa.

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To ni ne wancan na biyun. Duk ɗaya ne a wurina, kuma na tabbata a zuciyata."

Na ce, "Amma kai ba a kanka ka tsaya ba. Ka tabbatar wa gida gaba ɗaya."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Gidana ne, ni zan ba da lissafinsa a gaban Allah." Ya shige ɗaki.

Mahaifiyata ta leƙo daga kicin ta ce, "Ku biyun nan, koko zai huce."

Haka take yi duk lokacin da muka kaure. Ba ta taɓa shiga ba. Ranar Kirsimeti za ta ɗaura tsohon zanenta na zumunta ta je sujada, ta buga tulunta, ta dawo ta ɗora tukunyar tuwo. Maƙwabta ba su daina aiko mana da abinci ba, mahaifina kuma bai hana karɓa ba, ya ce mayar da kyauta wulaƙanci ne. Sai dai kwanukan. Matar da ta saba ita ke fara aikawa, yanzu ga kwanukan mutane jere a kicin ba abin da za ta zuba a ciki. Takan wanke su tas, ta ɗan zuba gyaɗa ko ɗanyen acca, ta ce in kai idan rana ta yi sanyi, lokacin da mutane suka ragu a layi.

Da na yi aure na koma Television, gidan mijina ana Kirsimeti sosai. Na ce to ga mafita, Mama ta riƙa zuwa wurina. Takan zo bayan sujada, ta ɗan zauna, ta ɗanɗana miyata ta ce gishiri ya yi kaɗan, sai ta fara neman mayafinta. In ce, "Mama, yanzu fa kika zo." Ta ce, "Babanku yana can shi kaɗai. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai." Da haka ni ma gardamar ta fita raina. Ina da gidana, ina da hidimata, na bar tsoho da ra'ayinsa.

Wata damina mahaifiyata ta kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Muna ganin zazzaɓi ne, kafin mu ankara an kwantar da ita a asibiti, kafin mako ya zagayo ta tafi.

Ranar jana'izarta ce muka sake haɗuwa mu duka a gidan. Yayana da iyalinsa, yayata da nata, jikokin da suka yi kukan balan-balan sun zama 'yan mata da samari, wasu ma da ƙyar suke gane juna. Falo ya cika har ana kwana a ƙasa. Mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Rabon da in gan ku haka a wuri ɗaya…" Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya taimaka masa ya ƙarasa.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, ina gidan ina taya shi karɓar masu gaisuwa, sai wata mota ta tsaya. Wani magidanci ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya kamo hannun wani tsoho mai sanda. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Alhaji ne, ɗansa ya kawo shi. Wani tsohon abokin aikinsu ne ya gaya masa rasuwar.

Suka zauna a baranda. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a Allah ya ba da haƙuri, ya ce Madam mutuniyar kirki ce, bai taɓa shiga gidan nan ya fita da yunwa ba. Na kawo ruwa, ina shirin komawa ciki sai na ji ya ce, "Dattijo, mun tsufa, bari in tambaye ka kada in mutu da abin a ciki. Ran nan da na zo, me na yi maka?"

Mahaifina ya ce, "Kai? Me za ka yi mini?"

"To ai na ga kowa a layinku yana biki, kai kaɗai ka ce ka daina. Na koma gida na yi ta juya abin. Na ce ko mutanen unguwa ne suka yi maka magana, suka ce me Musulmi yake zuwa yi gidanka kowace shekara. Ko kuwa kai ne ka gaji, ka rasa yadda za ka ce in daina zuwa. Na ce to kada in zame maka nauyi."

Mahaifina ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Alhaji, wallahi ba haka ba ne." Ban taɓa jin ya rantse ba sai ran nan. Ya zauna ya kwashe labarin duka ya gaya masa, tun daga gawar yaron har karatun da ya yi, abin da ya kasa faɗa a tsaye a ƙofa shekarun da suka wuce.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wannan tsakaninka da littafinku ne, ba ni da ta cewa. Amma da ka gaya mini, ai da na zo mun sha shayi kawai."

"Kai ma me ya hana ka tambaya?"

"Abin da ya hana ka faɗa."

Suka yi 'yar dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ni dai na koma kicin na yi kukana.

Da Disamba ta kama a wannan shekarar, mahaifina ya kira ni a waya ya ce in zo. Na same shi a baranda, littafinsa a buɗe a cinya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Ya ce, "Auta, ki nemo akuya."

Na tsaya ina kallonsa.

Ya ce, "Kada ki yi mini wannan kallon, ba ki ci nasara ba. Har yanzu ban ga rana ba, ban ga umarni ba. Masu buguwa kuma har gobe ina kan bakana." Ya shafa shafin, ya ci gaba. "Tun da uwarku ta tafi nake komawa kan tsohon nan na Haikali, wanda aka kawo jaririn ya karɓe shi a hannu. Tsoho ne kamar ni, yana jiran mutuwa. Bai ga mu'ujiza ko ɗaya ba, bai ga gicciye ba, bai ga tashi daga matattu ba. Jariri kawai ya gani, ya ce ya isa, yanzu zai iya tafiya lafiya. Ni na ce mutuwarsa kaɗai za a tuna. To wanda ba a haifa ba, ta yaya zai mutu domin wani? Begen da nake da shi na sake ganin matar nan, daga komin dabbobin da aka kwantar da jaririn nan ya faro. Idan ban gode wa wannan ba, me zan gode wa?"

Duk shekarun da na yi ina tara hujjoji, ina zaton ranar da zai sauko zan yi tsalle. Da ranar ta zo, abin da na iya cewa kawai shi ne, "To, Baba. Babba ko ƙarama?"

Mun yi Kirsimetin, amma ba ta zama yadda yake so ba. Yayana ya riga ya saba da yin tasa a Legas, ya kira a waya ya yi barka. Yayata ta zo da ɗanta ɗaya, sauran suna da nasu shirin da abokansu. Cincin ɗin da na soya ya yi tauri har mijina ya ce a ajiye wa masu gini. Na aika da kwanuka layi, amma rabin maƙwabtan da suka san mahaifiyata sun tashi, sababbin suka karɓa suna tambayar daga wane gida. Alhaji ya zo wajen azahar, tsufa ya hana shi yanka, likita kuma ya hana shi jan nama. Ya ɗanɗani romo, suka yi hirar masaƙa da mutanen da suka mutu. Mahaifina ya sa sabuwar riga, ya je sujada, ya zauna a bencinsa. Da matan zumunta suka tashi waƙa, wata ce dabam ke buga tulu.

Da yamma bayan kowa ya tafi, ina bayan gida ina wanke tukwane, sai ga shi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon kumfar sabulu. Can ya ce, "Auta, ke kin fi kusa da ita. Ta taɓa ce miki abin yana damunta?"

Na yi tunani sosai, don ba na so in yi masa ƙarya ko ta wane ɓangare. Na ce, "Ba ta taɓa cewa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni ma ba ta taɓa ce mini ba." Ya ƙara da cewa, "Ni kuma ban taɓa tambayarta ba."

Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita. A raina na san ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru ni da shi muna jifan juna da ayoyi a kanta, tana zaune a gefenmu da tiren wake.

Ya yi wasu Kirsimetin kaɗan bayan wannan kafin shi ma ya bi ta. Kowacce ya yi ta da zuciya ɗaya, yana raba wa yaran layi alewa, yana kuma yi wa samari wa'azin giya ko sun so ko ba su so ba. Alhaji ya riga shi tafiya, kuma mahaifina ya je Makera ya zauna zaman makoki har aka tashi.

Har yau ina nan kan bakana. Na gaskata daidai ne Kirista ya keɓe rana ya yi murna cewa Allah bai tsaya daga nesa ba, ya zo ya zama jariri a hannun mace. Ba dole ba ne, ba kuma zunubi ba ne, godiya ce. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba, ba na ganin laifinsa, mahaifina ma tsoron Allah ne ya kai shi, ba taurin kai kaɗai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun. Ba su dawowa. Yaran yayana da nawa yanzu gaisuwar waya ce tsakaninsu, kuma ba wanda ya yi niyyar haka.

Duk Disamba sai na ga an tayar da gardamar nan a kafafen sada zumunta, wannan ya kawo aya, wancan ya kawo tarihi, a yi ta yi har a ɓata. Wani lokaci hannuna har ƙaiƙayi yake, don duk amsoshin suna nan a kaina, ban manta ko ɗaya ba. Sai in ajiye wayar in shiga kicin. Idan na ga 'yata ta yi shiru tana aiki, nakan ce mata, ke fa, me kike so a yi bana? Kuma ba na motsawa sai ta amsa.